Alawayyon da na yanka wa Inna

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina zaune da hantsi a gidana na Ƙofar Guga ina tsintar shinkafa, rediyo na ta maganar rantsar da gwamna, sai maƙwabciyar mahaifiyata ta yi sallama. Daga unguwar Gobarau ta tako a ƙasa. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi haƙuri, don ban daɗe da fita takabar mijina ba. Sai da ta huta sannan ta ce, "Inna fa ta daina shan ruwa."

Na ce, "Halan azumi take?"

"Ba azumi ba ne. Fitsari ke kufce mata, a zaune da a kwance. Kullum igiyarta cike da shanya. Shi ne ta ga gara ta bar sha. Ta ce kada in faɗa maki."

Ni ce ɗiyar fari. Inna kuwa mutuniyar da ce wajen kunya. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, in za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A ɗauko buta." Ƙanwata ce abokiyar hirarta, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya. Ƙannena maza biyu suna kudu wajen nema. Wadda aka fi jin kunya ita kaɗai ta rage.

A ranar na kai yara gidan kakarsu ta wajen uba, na koma Gobarau da kekena na ɗinki. Na iske leɓɓan Inna sun tsage. Ɗakin ya sha turaren wuta fiye da kima, na gane dalili. Na ajiye mata kofin ruwa, ta ture shi da bayan hannu.

Washegari na tafi kyamis. Ashe kunyar gado ce. Mutane sun cika wurin, mai kyamis ya ce, "Hajiya, mi za a kawo?" Bakina ya ce, "Famfas."

"Watan yaron nawa?"

Na ce, "Ya ɗan girma."

Ya miƙo mini mafi girma a na jarirai, na biya, har da godiya. Tsohuwa mai jikoki na sayo wa kayan goyo. Maƙwabciyar nan ta yi dariya har da hawaye, ta ce in kai wa mai jegon bayan gida.

Zuwa na biyu na jira wurin ya watse na faɗi gaskiya. Ya shiga ciki ya ɗauko na manya, ɗan waje. Ƙunshi ɗaya ba zai kwana huɗu ba, kuɗinsa kuwa ya kai cefanenmu na mako. Na sayi ɗaya don ranar zuwa asibiti kawai. Katifa kuma na shimfiɗa mata leda. Araha ce, amma zafin Katsina ba ya shiri da leda. Kwana uku bayan Inna ya feso da ƙuraje.

Maƙwabciyar ce ta fitar da ni, don ta taɓa jinyar surukarta shekara biyu. Ta ce in nemo alawayyo, farin yadin nan mai laushi da ba ya riƙe zafi. A ninka shi, a sa tsohon tawul a tsakiya, a ɗinke kamar ƙunzugu. A wanke, a shanya a rana, a sake amfani da shi. Ledar kuma a rufe ta da zane biyu, kada ta taɓa fata.

A Babbar Kasuwa na ce wa mai yadi ya yanko mini alawayyo yadi goma. Dattijo ne. Ya ajiye almakashi, ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙan rai. Namiji ne ko mace?"

Sai a lokacin na tuna da shi ake likkafani. Na ce, "Tana da rai, Alhaji."

Ya ce, "Subhanallahi. Yafe mani, ɗiyata." Ya ƙara mini rabin yadi kyauta.

Shi na yafe masa. Kaina ne ban yafe wa ba, don ko bayan wannan ban yi hankali ba. Na shiga ɗakin Inna da farin yadi a hannu, ko a leda ban sa shi ba. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya ga bango ta ce, "An yi gaggawa. Ai akwai nawa a adaka."

Ban san yadda ake yi wa Inna bayani ba, ban taɓa yi ba. Na zauna a bakin ƙofa inda za ta gan ni, na shimfiɗa yadin, na yi ta yanka shi ƙanana. Na ninka ɗaya da tawul, na hau keke. Da na gama uku na ajiye su kan kujera kusa da gadonta, da bokiti mai murfi, da kofin ruwa, na fita.

Da la'asar na leƙa. Saura biyu kan kujera. Kofin babu komai.

Haka muka zauna wata bakwai. Ta jefa a bokiti, in ɗauka in wanke da sabulu da ruwan zafi, in mayar a ninke. Ko sau ɗaya ba mu ambaci abin ba. Ƙurajen suka warke, ta koma sallarta da natsuwa, har tana fitowa tsakar gida shan hantsi. Ni kuwa wani lokaci sai in wuni ban ji muryata ba sai wajen sallah.

Wata rana maƙwabciyar ta shigo gaisuwa, ina tsaye ina shanya. Inna ta ɗaga murya yadda zan ji ta ce mata, "Ki ce wa mai ɗinkin nan bakin yana cin fata. Ta mai da ɗinkin waje." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma hannunta na da kyau."

Na ɓuya bayan shanya na share idona da gefen zane. A duk zamanmu, wannan ce maganar da ta fi kusa da ni.

Na yanka sababbi goma sha biyu da ragowar yadin. Na ɗinka bakwai yadda ta ce. Ana cikin haka zazzaɓi ya kama ta, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Da nata na adaka aka suturta ta.

Yanzu irin kayan nan sun cika kantuna. In wani ya tambaye ni, cewa nake ya duba wanda fatar majinyaci za ta ɗauka, wanda kuma zai iya ci gaba da samowa, ya faɗa wa mai kanti gaskiya tun zuwan farko. Kuma ya lura da kofin ruwa, don tsoho zai zaɓi ƙishirwa a kan ya ji kunya.

Adakar tana ɗakina. Guda biyar ɗin suna ciki a yanke, har yau ban ɗinka su ba.