Tekun Daura

Har na haura shekara arba'in ina zaton akwai teku a Daura. Ba wanda ya taɓa gyara mini, don a unguwarmu ta Karantina, a kudancin Jidda, yawancinmu nan aka haife mu, nan aka haifi iyayenmu. Mun taso muna shaƙar iskar gishiri, sai muka ɗauka haka Allah ya yi kowane gari: masallaci, kasuwa, sai ruwa ta yamma inda rana ke faɗawa. Mutum ɗaya ce a gidanmu ta san gaskiya, kakata Iya Tabawa, ita kuwa ita ce ma ta kai tekun can.

Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita a ƙasa daga wani ƙauye kusa da Daura, za su hajji. Hajji dai an yi shi, komawar ce ba ta yiwu ba. Lokacin da na yi wayo sana'arta suyar gyaɗa. Da an idar da magariba za ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko da yashi, mu jikoki mu kewaye ta muna naɗa takardun da za a zuba gyaɗar gobe. Mai hankali ba ya matsowa kusa da wuta a zafin Jidda, amma mu har faɗa muke yi kan wa zai zauna kusa da ita, gumi na tsiyaya. Ladan aikinmu tatsuniya ce. Iya takan ɗaga ludayi ta ce, "Ga ta can tafe a ƙasa, ba ta da kuɗin mota." Mu kuma mu amsa, "Ta iso mu ba ta ruwa."

Tana da ta Gizo da ta kura kamar kowace kaka, amma wadda muka fi naci a kai ita ce ta mutumin tagulla. Wai wani maƙeri ne a Daura ya ƙera shi, dogo har ya ɗara hasumiyar masallaci. Jijiya ɗaya tak gare shi, daga wuya zuwa diddige, aka toshe bakinta da ƙusa. Aikinsa ya yi ta kewaya gari ta bakin teku, duk baƙon jirgin da ya hango ya jefe shi da dutse. Ba ya ci, ba ya barci. Mutanen gari na minshari a kan amanarsa, amma ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Ran nan sai ga wata mata ta sauko daga kwalekwale da ƙunshinta a ka. Ba ta gudu ba. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida kowane ɗan mutunci. A nan Iya ke sassauta murya: "Sannu da aiki, bawan Allah. Yaya gida?" Mutumin tagulla ya tsaya cak, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce da ita, "Ina ne gidana?" Matar ta ce ita ma ba ta sani ba, amma ta ji an ce wanda ya zauna ya huta yakan tuna. Sai ya zauna, ya sa hannu ya zare ƙusar da kansa, ruwan jikinsa ya malale cikin teku.

Daga nan ne Iya ke ɗaure mana kai. Yau ta ce ya mutu. Gobe ta ce ya zama mutum har ya yi aure. Jibi ta ce yana nan yana barci, kada mu yi surutu. Kowace tatsuniya da darasinta a ƙarshe, ban da wannan. Yayana ya yanke cewa darasin shi ne kada ka amsa gaisuwar baƙo. Ni kuma na nace sai an gaya mini matar nan muguwa ce ko mutuniyar kirki. Amsar Iya ba ta canzawa: in juya gyaɗa kada ta ƙone. Sai ta sauke kasko ta ce ta ƙare, gyaɗa ta soyu, kowa ya tashi ya yi alwalar isha'i.

Iya ta rasu tun kafin a rushe Karantina, mu kuma muka watsu, ni na dawo unguwar Aziziyya. Ko kaskon ban tsira da shi ba. Tatsuniyar nan kaɗai na ɗauko, kuma ita na ba 'yata Hanan. Hanan tana jin Hausa sarai, amma in na yi mata magana da Larabci take mayar mini. Wuri ɗaya ne bakinta ke buɗewa da Hausa, in ana labarin mutumin tagulla. Tun tana ƙarama nake ce mata wannan namu ne, daga gida aka taho da shi, ta riƙe shi da kyau. In ƙawayenta suka tambaye ta asalinta, da alfahari take cewa garin kakanninta a bakin teku yake.

Bara ta matsa mini sai na raka ta sinima. Fim ne irin na duniyar gaba, jirage na yawo tsakanin taurari, ni dai kaina har juyawa yake. Ina shirin gyangyaɗi sai ga wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe yana kewaya wani gari, yana kakkaɓo duk jirgin da ya matso. Can aka nuna cewa rauninsa ɗaya ne, wani ɗan murfi a ƙafarsa. Hanan ta damƙe hannuna, ta raɗa mini da Hausa tsantsa: "Umma, na Iya ne. Sun sace mana." Na fi jin daɗin Hausar da jin haushin satar. A fim ɗin dai harbin wurin aka yi, ya tarwatse, 'yan kallo suka yi tafi. Ni kuwa tausayi ya ba ni, don ko sannu ba a ce masa ba.

A mota ta duƙufa a kan waya tana neman wanda za ta kama da laifi. Ina kallo fuskarta ta sauya. Ta karanta mini cewa mutanen Girka, waɗanda Larabawa ke kira Yunan, suna da wannan labarin tun kafin kakannin kakanninmu: mutumin tagulla, jijiya ɗaya, ƙusa a ƙafa, jifan jirage, har da matar da ta zo ta ruwa. Wai masu irin waɗannan finafinai can suke yawan ɗebo labaransu, su cire takobi su sa na'ura. Ta kife wayar ta ce da Larabci, halas, shi ke nan, ashe mu ne ɓarayin. Daga ranar ba ta sake neman labarin ba, Hausar ma ta koma ciki.

Na kai ƙara wurin maƙwabciyata Binta, ma'aikaciyar jinya ce da ta zo aikin kwantiragi daga Katsina. Na ce ta yiwu Girkawan ne suka ji shi a bakin mutanenmu, tunda jiragensu na iya zuwa gaɓar Daura. Binta ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga ba wasa nake ba, ta ba ni haƙuri. Ta ce daga Daura zuwa teku tafiya ce ta ƙarshen ƙasa. To Iya ƙarya ta yi mana? Ko mantawa ta yi? Yarinyar da ta tako daga can da ƙafarta ai ta san ba ta baro ruwa a baya ba.

Sai na nufi Kawu Idi, autan Iya, wanda shi kaɗai ya rage. Ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Kafin gyaɗa, Iya wanki take yi a unguwar Ruwais, a gidan wani Bagirke mai sayar wa jiragen ruwa kayan abinci. Uwarsa tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, Iya ke matsa mata da yamma. Tsohuwar na ba ta labarai da gurɓataccen Larabci, Iya na amsawa da nata gurɓataccen. "Kullum zancen tsohuwar nan tsibirinsu," in ji Kawu. "A nan ta mutu. Su biyun ba wadda ta koma."

Na dawo gida kaina ya fi ɗaurewa. Na gaya wa Hanan komai, ban rage ba, ina tsoron na ƙarasa kashe abin da ya saura. Washegari ta same ni a kicin da wayarta, ta ce ta duba ko'ina, a na Girkawa yaudararsa matar ta yi, a fim harbe shi aka yi, ba inda aka gaishe shi. Ta tambaye ni daga ina gaisuwar ta fito. Na ce ban sani ba, amma na san wadda aka yi ta tambaya yaya gida tsawon rayuwarta tana cewa lafiya lau.

Har yau ban san darasin tatsuniyar nan ba, ban kuma san ta wa ce ba. Wani lokaci ina ganin Iya ce matar mai ƙunshi. Wani lokaci ina ganin ita ce mutumin tagulla, tana kewaya garin da take wa hidima ba ta da ko iƙama, takardar izinin zama, a cikinsa. Tekun kuwa, zato kawai nake yi: ƙila ta matso da Daura bakin ruwa ne don in ta tsaya a gaɓar Jidda ta ji kamar tsallake ɗaya ya raba su.

Kwanan baya jikokin Kawu Idi suka zo mana yini. Bayan magariba ina soya gyaɗa a kan gas, Binta na taya ni, sai na jiyo Hanan a falo tana cewa ga ta can tafe a ƙasa. Hausarta na tuntuɓe, amma tana tafiya. Wata 'yar ƙarama ta katse ta, ta ce a wane gari ne. Hanan ta ɗago ta dube ni ta ƙofar kicin.

"A Daura," ta ce. "A bakin teku."

Binta ta buɗe baki za ta yi magana. Na miƙa mata ludayi na ce ta juya gyaɗa kada ta ƙone.