Sunan da Shatu Ba Ta Faɗa

Nadiya malamar firamare ce a unguwar Utaibiyya ta Makka, shekararta talatin da huɗu, ɗalibanta arba'in da ɗaya. A unguwar Nakkasa aka haife ta, ita ce ta fari cikin 'ya'ya bakwai na Shatu mai fura, wadda ta shigo Makka ta Sudan. Larabci ya fi zama a bakinta, Hausar kuwa ta cikin gida ce.

Bara makaranta ta tura ta kwas na kwana uku kan tarbiyya. Nan ta ji cewa Girkawan dā sun kasa so gida huɗu, wanda ke tsakanin uwa da ɗa suna ce masa storge, daga wata kalmarsu mai nufin riƙe naka da ƙauna. Mai koyarwar ta ce yaro yana gane wannan son daga yadda ake kiran sunansa. Nadiya ta dawo ta kasa kunne a gidan uwarta. Cikin mako guda Shatu ta kira Arwa, autarta, sau sittin da biyu. Ita kuwa ko sau ɗaya, sai dai "ke".

Ranar sunan jaririn ƙanwarta, a gaban mata ashirin, ta tsaya.

"Ummi, ki faɗi sunana. Sau ɗaya tak, bas."

Shatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe ta shige ɗaki.

"Ke dai an yi sakarya mai digiri!" in ji Inna Zali, yayar Shatu. "Wace Bahaushiya ke kama sunan 'yar fari? Kunya ce, ya binti. Kin tsayar da uwarki a gaban mutane kin ce ta yi rashin ta-ido."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya. Nadiya ta rasa inda za ta sa idonta.

Kwana tara ba ta iya taka gidan ba. A na goma ta je da la'asar, ta durƙusa bakin ƙofa. Shatu tana dama fura, ba ta ɗago ba.

"Arwa, ce wa yayarki ta tashi. Gwiwar nan ta hagu ba ta son sanyin tayil."

Nadiya ba ta taɓa gaya wa kowa ciwon gwiwar ba. Ta tashi a hankali, kanta a ƙasa.