Ya Turai, Wadda Ta Jinginar da Gashinta

Da ta idar da sallar asuba ta kurɓi kunu, Ya Turai takan ɗauki ƙoƙon man shanu da mataji da tsinken tsaga, ta ja mayafi ta faɗa lungunan Gwange, unguwarsu a garin Yerwa. Ba ta da rumfa, gida-gida take bi. Ta zauna a kujera 'yar tsugunne, mace ta ɗora kai a cinyarta, sai azahar. Tun ba a san jirgin ƙasa zai zo Yerwa ba take wannan aiki. Bana yatsu sun ce sun gaji, ta miƙa wa 'yar ƙanwarta kayan sana'a. Kitsonta kam sai ya yi wata bai tashi ba, amma ba shi ya sa aka ɗauko alƙalami ba.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, wata Malama Agnes, 'yar ƙasar Biu, ta sami tallafin bincike daga gwamnati a Kaduna, a kan sana'o'in da matan aure ke yi a cikin gida. Tallafin ya yi rana, gaskiya. Ya sauke mata wahalar koyarwa, ya ba ta mota da direba, har da masinja mai kaki. Sharaɗin ɗaya ne, ta kai rahoto kafin shekara ta zagayo, in ba haka ba a yanke.

Ashe motar ce za ta rufe mata ƙofofi. Mata suka ga lambar gwamnati, suka ga kaki, ga baƙuwa tana tambayar nawa ake samu a wata, suka ce shi ke nan, haraji ya iso kan mata. Kaltum mai turaren wuta, wadda ƙamshin gidanta ke tarar mutum tun daga bakin layi, ta rantse ita ba ta taɓa sayar da ko tsinke ba. Wata mai man gyaɗa kuwa zama ta yi a kan tukunya ta baza zane. Damina ta wuce, Malama ba ta da abin rubutawa sai gaisuwa.

Kitso ne ya haɗa su. Kai na cinya, Malama ta amayar da damuwarta, Ya Turai ta yi dariya har mataji ya faɗi. Ta ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi. Sai ta tambaye ta abu ɗaya, ko sunayen mata za su kai ga masu karɓar haraji. Malama ta yi alkawari ba za su kai ba.

Washegari aka bar mota a ƙarƙashin dalbejiya, masinja ya sami hutu, Malama ta riƙe ƙoƙon man shanu tana bin Ya Turai. Ya Turai ba ta yaudari kowa ba. A kowane gida takan faɗa cewa wannan rubutu take yi, abin da ba a so a rubuta a ce mata. Da ta ga ana jan jiki a gidan Kaltum, sai ta zame ɗankwali.

"Kun ga gashin nan? In mai haraji ya taka ƙofarku saboda yarinyar nan, ku kira wanzami ya aske shi tas."

Mai kitso da askakken kai a Yerwa, ai ta gama sana'a, ta gama fita biki. Mata suka san ba wasa take yi ba, baki ya buɗe.

Ana cikin haka, wata safiya wani mai kaki da malafa ya shigo Gwange yana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka ce kwabo mata sun cika tsakar gidan Ya Turai, Kaltum a gaba, har an aika kiran wanzami. Waɗanda suka gani sun ce Ya Turai ta tsorata, ita ma ba ta musa ba, don ita ba ta san abin da ake yi da takarda a Kaduna ba, yarda kawai ta yi. Amma ta shimfiɗa tabarma, ta tuɓe ɗankwali ta zauna. Ta ce a fara, sai dai a bari mutumin ya iso tukuna. Ya iso, ya yi sallama, ya wuce kai tsaye ya leƙa randa. Duba-gari ne, 'ya'yan sauro yake nema. Aka yi ta dariya, Kaltum ta biya wanzami ladan tahowa, ta zauna aka yi mata kitso.

Rahoto ya tafi a kan kari. Aka sabunta tallafi, Malama ta rubuta wani a kan adashi, wani a kan masu dillancin gida. A can ofis aka ce kun gani, in aka ba masana kuɗi aiki yakan fito. Ba su yi ƙarya ba, rabin labarin dai suka sani. Malama ta so ta sa sunan Ya Turai a shafin godiya, ita kuwa ta ƙi. Ta ce duk wanda ya ga sunanta ya san gidajen da take shiga.

Ke ce, Ya Turai, uwar ɗakin masu bincike, kin ji sirrin unguwa guda, ba ki zubar da ko ɗaya a hanya ba. Gwamnati ta ba da mota, ke kika ba da amana. Sai yanzu da kika ajiye aiki kika yarda a ambace ki, shi ma da sharaɗi, don Kaltum ɗin nan ba sunanta ke nan ba, ke kika raɗa mata shi domin wannan rubutu.

Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa yatsu lafiya. Ku kuma masu karɓar tallafi ku shiga gidajen mutane da tambaya, ku sani a kowace unguwa akwai wadda ta tsaya muku da mutuncinta. Kada ku sa a kira mata wanzami.