Ranar Da Na Zama Bakin Mama

Ina sallame sallar asuba ranar Alhamis ɗin da ta wuce na ɗauki kular abinci na fito. Gate City Boulevard, babbar hanyar nan tamu ta Greensboro a Amurka, wadda kullum muke kuka da cunkosonta, fayau take, sai fitilun masu sayar da motoci suna haska motocin da babu mai taya su. Summerfield na nufa, gidan tsohuwar da nake kula da ita. Da yawa cikinku kun ga hoton duwatsun da na ɗora kun tambaye ni ko yawon shan iska na tafi. Ba shi ba ne. Ga yadda aka yi.

Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Wannan tsohuwa, da nake kira Mama, Bayahudiya ce, ta doshi shekara casa'in. A Paris aka haife ta. Tana ƙaramar yarinya sojojin gwamnatin kama-karya ta Jamus suka mamaye Faransa, aka shiga farautar Yahudawa gida-gida, ana loda su a jirgin ƙasa zuwa sansanonin da aka kashe miliyoyinsu. A gidansu ita kaɗai ta tsira. Ta zo Amurka tana budurwa, ta yi aure, ta yi aikin koyarwa, ta daɗe tana zagaya makarantu tana ba yara labari. Bara ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, amma Ingilishi ya riƙa zille mata. Tana jin duk abin da aka faɗa, sai dai in ta gaji ko ranta ya sosu, Faransancin yarinta kawai ke fitowa. 'Yarta tilo, wadda ita ma ta haura sittin, ba ta jin Faransanci. Ni kuwa 'yar Damagaram ce, a lakwal, wato makarantar boko, na koye shi da bulala. Dalilin ɗaukata aiki ke nan.

Wata malamar sakandare ce daga can cikin duwatsun yammacin jiharmu ta bugo waya, tana roƙon Mama ta zo ta yi wa ɗalibanta magana. An tarar da alamar masu kisan Yahudawan nan an zana a bangon ban-ɗakin makarantar, wasu yara kuma sun mai da gaisuwarsu ta ɗaga hannu abin wasa. Likita ya ce tafiyar ta yi nisa. 'Yar ta ce a yi ta bidiyo. Mama ta ce yaro ba ya jin nauyin allo, sai ya ga mutum da ido. Ta ƙi shan shayin da 'yar ke haɗa mata har sai da aka amince, bisa sharaɗin in bi su, in Ingilishi ya gudu ni in tare.

Na same ta zaune a bakin ƙofa, ta sa kwat, ta shafa jambaki, jaka a kan gwiwa kamar mai jiran mota a tasha.

"Kin makara, 'yata," in ji ta.

"Mama, ko rana ba ta fito ba."

"Ita ma ta makara."

'Yar ce ke tuƙi, ni da Mama muna baya. Muka hau babbar hanya mai lamba arba'in muka miƙa yamma. Mun ratsa Winston-Salem daidai lokacin da ma'aikata ke rububin shiga gari, manyan motocin kaya suna wuce mu kamar da gaba. Lokacin kaka ne, itatuwa sun yi ja da rawaya kamar an shanya atamfofi a daji. Wajen Hickory muka tsaya karyawa. Wanda ya san jihar nan ya san duk abin da ka nuna da yatsa sai an sami alade a ciki, har wake bai tsira ba. Da mai kawo abinci ta zo, ni da Mama muka haɗa baki, ni da Ingilishi ita da Faransanci, muka ce ban da alade. Matar ta kalli hijabina, ta kalli Mama, ta ce ashe 'yan gida ɗaya ne. Ƙwai da burodi muka ci, da wani kofi na kusan dala uku wanda ruwan zafi ne kawai aka ba launi. Dambun zogalen da na zo da shi ne ya cece mu a mota. Mama ta ce yaji ya yi yawa, sannan ta sake miƙo hannu.

Daga nan barci ya ɗauke ta a kafaɗata, ni kuma na shiga tunanin maganar da wata Anti ta yi mini a shagon kayan miya kafin tafiyar. Cewa ta yi, "Yanzu ke da kanki za ki je ki zama bakin Bayahudiya, kina ganin abin da ake yi wa yaran Gaza?" Abin da na iya ce mata kawai, "Anti, aiki ne." A motar nan na ji haushin amsar tawa. Hotunan Gaza sun sha hana ni cin abinci, Mama ma na taɓa ganin ta kashe talabijin tana share ido. Amma wadda ke jingine da ni shekararta shida lokacin da aka zo kama su. In na ƙi faɗin abin da aka yi mata saboda abin da wasu ke yi yau, da wane baki zan yi kukan wasu yaran? Na ƙudurta a raina, duk abin da ta faɗa sai na isar da shi.

Bayan Morganton hanya ta fara hawa. Kunne ya toshe, mota ta riƙa nishi, ana kwana ana sake kwana. Duwatsun Damagaram da nake yi wa mutane alfahari da su, a nan na gane tsakuwa ne. A bakin koguna har yanzu ana ganin ɓarnar ambaliyar da aka yi musu: manyan itatuwa a kwance, gidaje an lulluɓe rufinsu da shuɗiyar tamfol, mutane suna ta gyara. Garin da muka je ƙarami ne, titi ɗaya, coci-coci sun fi shaguna yawa.

Malamar ta tarbe mu a ƙofa, yarinya ce ƙwarai. A ɗakin wasanni aka tara ɗaliban. Wasu na taunar cingam, wasu kai a sunkuye kan waya. Mama ta ƙi kujerar guragu, ta dogara da sanda da hannuna har gaban su.

Da Ingilishi ta fara, kuma ta yi ƙoƙari. Ta ce babanta maɗinkin huluna ne. Ta ce an kafa doka duk Bayahuden da ya kai shekara shida sai ya ɗinka tauraro mai launin rawaya a ƙirjin rigarsa, an hana su shiga lambun wasa, an hana babanta sana'a. Tana zuwa kan safiyar da aka zo kama su, sai magana ta tsaya. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa. Can baya wani ya yi 'yar dariya. 'Yarta ta yunƙura za ta tashi, Mama ta ɗaga mata hannu, ta juyo gare ni ta ce da Faransanci, "Tashi."

Na karɓi abin magana. Ingilishina na magani ne da wanka da canza zanin gado, ban taɓa tsayawa da shi gaban taro ba. Ta riƙa faɗa, ina juyawa.

Ta ce 'yan sandan Faransa ne suka zo, ba Jamusawa ba. Da mamarta ta ji su a hawa na ƙasa, sai ta kwashi yaranta biyu ta haura da gudu zuwa ɗakin wata maƙwabciya a hawa na sama. Matar ta buɗe ƙofa kaɗan ta ce ɗaya kawai za ta iya ɗauka. Ƙaninta shekararsa uku, yana tari yana kuka, ba ya yin shiru. Ita kuwa yarinya ce marar hayaniya. Mamarta ta sa haƙori ta tsinke zaren tauraron, ta tura ta ciki, ta juya da yaron. Ta ce tana bayan ƙofa tana jin kukansa yana sauka, hawa bayan hawa, har ya ɓace. Gurbin tauraron ya fi sauran rigar duhu, ana ganin siffarsa sarai, sai matar ta ɗinka aljihu a kai. Daga baya aka kai ta wani ƙauye wajen manoma, aka canza mata suna, aka koya mata addu'o'in coci don kada a gane ta.

Ina cikin juyawa idona ya faɗa kan 'yarta a layin gaba. Ta toshe baki da hannu biyu. A take na gane ta san an kama su, amma zancen ɗaya kawai ɗin nan yau ta fara jin sa, kuma daga bakina. Sai Mama ta ce an kai su wani sansani a Poland, ranar da suka isa aka kashe mamarta da ƙaninta da iskar guba, babanta kuma aikin bauta da yunwa suka ƙarasa shi. Tausayi ya kama ni. Na ce da Ingilishi, a can suka rasu.

Mama ta damƙe mini wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a hannun nan ba.

"Ba haka na ce ba, 'yata. Ba rasuwa suka yi ba, kashe su aka yi. Shekararsa uku. Faɗa musu yadda na faɗa."

Na sake faɗa, kalma bayan kalma, har da iskar gubar, har da shekarun yaron. A ɗakin nan babu sauran wanda ke kallon waya.

Da aka ba da damar tambaya, wata ɗaliba ta ce me ya sa matar ba ta ɗauki su biyun ba? Mama ta ce matar tana da nata yaran, da an ji kukan baƙon yaro a ɗakinta da duk sun tafi tare. Ta ce ta daɗe tana jin haushinta, sai ranar da ta haifi tata 'yar ta gane girman abin da matar ta yi da ta buɗe ƙofar ma. Sannan ta nuna su da sanda ta ce, mutanen da suka yi wannan ba da kisa suka fara ba, da zane a bango da dariya suka fara. Ban sani ba ko mai zanen yana cikin ɗakin. Ba wanda ya tashi ya ce shi ne. Amma da aka tashi layi suka yi don su gaishe ta, suna riƙe mata hannu.

Malamar ta buɗe mini ofishinta na yi azahar, muka kama hanya. A gindin dutse muka sayi tuffa a wajen wani dattijo, jaka guda da kuɗin da a Greensboro ba zai ba ka rabinta ba. 'Yar ta yi ta tuƙi har muka kusa Statesville. Nan ta shiga wurin hutawar matafiya, ta kashe mota, ta juyo.

"Don Allah tambaye ta, me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba?"

Ban ma tambaya ba Mama ta amsa, ni kuma na juya. Ta ce, "Da Ingilishi ni malama ce, na san abin da zan faɗa da wanda zan tsallake. Da Faransanci har yanzu ina bayan ƙofar nan."

'Yar ta miƙo mini makulli ta koma baya. Ni na ƙarasa tuƙin. A madubi ina ganin su, kan uwa a kafaɗar 'ya, daga nan har Summerfield ba wanda ya nemi tafinta.

Ana kiran magariba a wayata na shigo gida, jiki duk ya yi tsami. Abin da tafiyar nan ta koya mini, sassauta labarin zalunci ba tausayi ba ne, rage wa wanda aka zalunta haƙƙinsa ne. Tsohuwa ta hau duwatsu da sanda don kada a ce ƙaninta rasuwa ya yi, ni kuwa saura kaɗan in faɗi hakan a madadinta. Na kuma ga cewa harshen da aka haifi mutum da shi, shi ke jiran sa a ƙarshe.

Yarana biyu suka tarbe ni da Ingilishi kamar kullum, suna tambayar tsaraba. Na ajiye tuffar, na zaunar da su, na fara ba su labarin da Hausa. Babbar ta katse ni ta ce in faɗa da Ingilishi, ya fi sauri.

Na ce, "A'a. Inda ba ki gane ba ki tambaya, zan maimaita."

Na ci gaba daga inda na tsaya.