Dutsen Sama Mai Sunan Babanmu

Ko zan manta komai a rayuwa, ban da ranar da aka ce mana an raɗa wa wani dutse na sararin samaniya sunan mahaifinmu.

Baba mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Dogarawa, ya daɗe yana koyarwa kafin ya ajiye aiki. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ni nake juya shi ina share masa miyau. Yaran da ya koyar sun cika buro-buro, ofisoshin gwamnati, daga Konni har Yamai, amma babu mai leƙowa.

Wata rana da hantsi, a farkon damina, wani tsohon ɗalibinsa ya kira daga ƙasar waje. Ya ce aikinsa duban sama da manyan na'urori. Ya yi mini bayani cewa akwai duwatsu birjik masu kewaya rana. Idan mutum ya gano ɗaya, sai an yi shekaru ana bin sawunsa an tabbatar da hanyarsa, a ba dutsen lamba, sannan wanda ya gano shi ya kawo suna, taron masana su amince.

Ya ce, "Na daɗe da ba da sunan Mushe, sai yanzu suka yarda. Ƙanwata, kara masa wayar."

Na kara. Ina jin muryarsa yana godiya yana kuka, Baba kuwa azara kawai yake kallo, ƙuda na sauka a leɓensa. Har yau ban sani ba ko ya gane.

Inna ta ce, "Mi yac ce?" Da na faɗa mata, sai ta ce, "Dutsi? Ki ce mishi in yana son ganin malaminai, shi zo yanzu."

Na faɗa masa, ya ce sai bayan damina. Tun gero bai fitar da kai ba Baba ya rasu.

Ɗalibin ya zo kamar yadda ya ce. Yayana ya kai shi maƙabarta, baƙon ya dawo idanu jajur, ya kasa cin abinci. Na ce ya nuna mini inda dutsen yake, ya ce ido ba ya ganinsa.

Ban taɓa ganin laifinsa ba, don shi kaɗai ya tuna. Amma tun daga nan, wanda duk ya yi mini alheri, da ƙafata nake zuwa in gode masa tun yana iya amsawa.