Yadda Muka Je Ɗauko Mutum Ɗaya Muka Dawo Da Biyu

Gusau

Shekarar da aka gama yaƙi, ina malamin rubutu a kwamitin taimakon mutanen da suke dawowa daga Gabas. Wata Talata ƙarfe biyar da rabi na asuba muka tashi daga Sabon Gari a akori-kura, ɗauke da barguna, madarar gari da busasshen kifi mai kama da itacen girki. Mu uku ne: ni, Bawa direba, sai Mista Obi kafinta.

Obi ba bargo ya kawo shi ba. Lokacin rikici ya gudu Gabas ya bar 'yarsa Nkechi, mai shekara uku, a hannun maƙwabciyarsa Inna Hajo. Matarsa ta rasu a can. Da ya dawo, sai ya tarar Inna ta tashi, wai tana Tsafe.

A shingen bakin gari soja ya ɗaga tamfol, warin kifi ya mare shi. Ko takarda bai nema ba ya ce mu wuce.

Tsafe

Wajen mil talatin ne, muka isa bakwai da kwata. Muka sauke rabin kaya, muka sha koko da ƙosai na sisi, Obi kuwa ya shiga tambayar Inna. Mai kokon ta ce, "Hajo? Ai ta koma Bunguɗu wurin ƙanenta tun bara." Bawa ya juya mota yana ƙunƙuni, muka sake ratsa Gusau kamar masu ɗawafi.

Bunguɗu

Sha ɗaya saura muka yi sallama a gidan. Inna ta fito zaure, ta gane Obi, aka gaisa har da hawaye. Ni kuwa, da ɗokin aiki, na zaro takarda da alƙalami.

"Inna, akwai yarinya Nkechi a hannunki?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban san mai wanga suna ba."

"To, kina da 'ya a gidan nan?"

"Ni? Ba ni da kowa."

Na rubuta "babu" da kyakkyawan rubutuna. Obi ya zame ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai.

Sai ga Bawa yana dariya har da riƙe bango. Na harare shi.

Ya ce, "Malam, boko ya cinye ka! Inna ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗiyar ga ita ta ɗiyar fari gare ta. Ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari?" Ya juya. "Inna, ina mutuniyar taki?"

Inna ta dubi bango. "Waccan mai ƙiriniya? Tana rijiya."

Ashe kunya ce. Shekara huɗu ba ta ambaci sunan ba, maƙwabta kuma Kyauta suke kiran yarinyar. Na soke "babu" har takardar ta huje.

Yarinya ta shigo da ɗan tulu. Obi ya yi mata yarensu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Inna, mi wanga mutum ka cewa?" Dole ya koma Hausa, yana kuka yana dariya.

Inna ta ɗaure mata kaya ba ta ko kalle ta ba. Ta ce wa bango, "A gaya wa waccan ta bi ubanta." Kyauta ta cafke zanin Inna ta ce ko taki ɗaya ba ta yi. Aka yi lallashi, aka yi alkawarin alewa, a banza.

Obi ya share ido ya ce, "Inna, ɗaki biyu gare ni a Sabon Gari. Uwa ɗaya ta rage mata."

Inna ta ce ita ba don kowa za ta ba, dama tana son ganin asibiti.

Gida

Biyar na yamma muka shigo Gusau, mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na kuma gode wa Bawa da ya fi ni karatu. Duk mil goma sha ukun nan Inna tana kallon taga, ba ta waiwayi yarinyar ba ko sau ɗaya. Amma ni da nake gefe na gani: a ƙarƙashin mayafi, hannunta na riƙe da ƙafar Kyauta gam.