Mutumin da Ya Mayar wa Bulus Muryarsa

Duk mai bin titin Panshekara da safe ya san dattijon nan mai tsohon babur, wanda yake lallaɓawa a gefen hanya kamar ya ɗauko kwandon ƙwai, da auduga cushe a kunnuwansa biyu. Direbobin tirela sun gaji da danna masa hon. Wasu sun ɗauka kurma ne, wasu suna cewa ciwon kunne yake fama da shi. Ko ɗaya babu. Malam Uwaisu ke nan, ya taso daga gidansa na Zawaciki za shi Sharaɗa, kuma kunnen nan da yake toshewa shi ne jarinsa, ba ya yarda hayaniyar hanya ta taɓa masa shi kafin ya zauna aiki.

Shagonsa ɗakin masu gadi ne na wani kamfanin buga kaset da ya daɗe da rufewa. A wannan kamfani ya fara aiki yana saurayi, da ya baro ƙauyensu a ƙasar Ringim, aka ɗora shi a kan sauraren kaset kafin a zuba su a kwali. Da kamfanin ya durƙushe, 'yan gwangwan suka kwashe injuna, shi kuma ya roƙi arziki aka bar masa biyu daga ciki. Su ne har yau yake shafawa kamar 'ya'yansa. Idan ya iso sai ya zare audugar, ya share ɗakin, ya goge kan rikoda da sifirit, sannan ya zauna shiru da kofin shayinsa. Mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya san ba a tayar da injin yanka ƙarfe sai Malam ya leƙo ya ɗaga hannu.

Aikinsa shi ne ceto tsofaffin waƙoƙi. A kawo masa faifan garmaho da ya sha ƙarce, ko kaset ɗin da zarensa ya cukurkuɗe, ya tsabtace sautin ya juye shi a kwamfuta, mai shi ya tafi da abinsa a waya. Kwamfutar ma da furfurarsa ya koye ta, da yatsa ɗaya, yana yi yana mita.

To, ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba. Kasuwa ta cika da tsofaffin waƙoƙin da aka ce an sabunta su, kuma ni dai yawancinsu ƙona min rai suke yi. Ka kunna, ƙara kamar za ta fasa lasifika. Ganga ta kumbura ta danne kowa, 'yan amshi an tura su can baya kamar daga cikin rijiya suke amsawa, numfashin da mawaƙi yake ja kafin ya ɗaga murya an goge shi wai ƙazanta ce. Malam Uwaisu bai taɓa bin wannan hanya ba. Wani mai sayar da waƙoƙi a Na'ibawa ya taɓa matsa masa ya ƙara wa wani tsohon faifai kiɗan zamani don samari su saya, sai ya tura masa faifansa ya ce, "Alhaji, ni wanki nake yi, ba rini ba. Kai wa masu rini." Wanda ya ba ni labarin ya ce Alhajin ya fita yana huci, bayan kwana biyu kuma ya dawo ya ce a wanke ɗin.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Ladi.

Ladi matar marigayi Bulus ce, mutumin Kagoro, wanda ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai lokacin da masaƙun Kano ke numfashi. Shi da abokan aikinsa sun kafa ƙungiyar kiɗa, Samarin Masaƙa, da jita da ganguna, suna waƙa da Hausa. Kaset ɗaya tal suka fitar, amma ya zaga unguwannin ma'aikata, Musulmi da Kirista kowa yana rerawa. Bulus ya rasu autarsu Jummai tana rarrafe. Duk abin da Jummai ta sani na muryar mahaifinta, daga wannan kaset ta san shi: murya siririya mai zaƙi, mai sauri, irin ta ɗan saurayi.

Bana Ladi ta yanke shawarar komawa gida Kagoro bayan shekarun da ta kwashe a Kano. Jummai, wadda yanzu malamar asibiti ce a Hotoro, ta so ta yi mata tsarabar tafiya, sai ta kai kaset ɗin wani sitidiyo aka tsabtace sautinsa tas, aka juye mata a waya. Sun yi abin da aka ce su yi, babu ƙaiƙayin tsohon zare babu shuu. Ta kawo wa uwar cike da murna. Ladi ta saurara kaɗan, ta ture wayar ta ce, "Wannan ba mijina ba ne."

Ba ranar ta fara faɗin haka ba. Ta daɗe tana cewa muryar kaset ɗin ba ta Bulus ba ce, shi ya sa ba ta taɓa yarda a kunna shi a ɗakinta ba. Da can 'ya'yan suna ɗauka baƙin cikin rashi ne. Yanzu kuwa da shekaru suka ja, sai suka fara kallon juna, har babban ɗan ya fara zancen a kai ta likita kafin ta tafi, wai ƙwaƙwalwa ta soma taɓuwa. Ladi ta ji wannan magana da kunnenta, kuma ta yi mata ciwo fiye da yadda suka zata. Mace ta zauna da mutum, ta haifa masa 'ya'ya, a ce wai ba ta san muryarsa ba.

Jummai ce ta zo Sharaɗa, da wayar da kuma asalin kaset ɗin a ƙunshe cikin ɗankwali. Ta gaishe shi ta ce, "Baba, so nake ku saurara ku gaya wa Mama gaskiya. Wataƙila idan daga bakinku ta ji, hankalinta zai kwanta."

Malam Uwaisu ya saurari na wayar, sannan ya sa tsohon kaset ɗin. Can tsakiyar waƙa ta uku ya tsayar, ya mayar baya, ya sake saurara. A ƙarƙashin kiɗan akwai wani kuka siriri da ya tashi, ya tsaya, ya sauka. A na wayar babu shi, an share shi tare da sauran ƙura.

"A ina aka ɗauki waƙar nan, 'yata?"

"Mama ta ce a ɗakin taron ma'aikata, a bakin ƙofar masaƙa. Wai da ɗan ƙaramin janareta ma aka yi, don babu wuta ranar."

Ya gyaɗa kai. Ya san halin irin waɗannan rikodoji: idan wutar da ke jansu ta yi rauni, zare yakan tafi a hankali lokacin ɗauka, in aka zo aka kunna shi da cikakkiyar wuta sai komai ya ƙara sauri, murya ta sirance. Idan haka ta faru, duk kaset ɗin da aka buga daga wannan zare da kuskuren ya fito, kuma duk Kano a haka ta haddace waƙar. Kukan nan kuwa jiniyar masaƙa ce ta canjin aiki, wadda babban injin kamfani ke busawa, ba ruwanta da ɗan janaretan ɗakin taro. In aka san yadda jiniyar take kuka a zahiri, an san inda muryar Bulus take.

A nan ne na ƙara ganin girman mutumin. Wani da sai ya murɗa na'ura har inda ya yi masa daɗi, ya ce ga shi nan. Malam Uwaisu ya ce wa Jummai, "Ni a Sharaɗa na yi aiki, ban san jiniyar Bompai ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, kunnena na hagu ya fara gajiya. Mamanki ma ba za mu sa ta zaɓa ba, don 'yan'uwanki za su ce abin da ranta ke so ta zaɓa. Shaidu za mu nemo."

Ya rufe shago ya hau babur. Masaƙar ta zama kango, jiniyar ma an daɗe da sayar da ita a kilo. Amma mutanen da ta tasa daga barci shekara da shekaru suna nan. Ya samo Alhassan, mutumin Maraɗi, tsohon mai gadin ƙofa wanda da hannunsa yake danna ta, yanzu yana sayar da goro a Dakata. Alhassan ya kai shi wajen Dalhatu, tsohon masaƙi da ke gadin wata majema a Challawa, yana cewa duk masaƙar babu wanda ya kai Dalhatu sanin jiniya, don kullum a guje take samunsa, takalmi a hannu. Dalhatu ya ce sharri ne, amma zai zo.

Ranar Asabar da hantsi suka hallara. Malam Uwaisu ya sa Ladi da Jummai suka zauna a benci can ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda ba za su ji komai ba. Dattawan biyu ya zaunar da su suna ba juna baya, ya ce kowa ya rufe ido, duk wanda ya ji jiniyarsu ta gaskiya ya ɗaga hannu, kada wanda ya yi magana. Ya ware wurin kukan kaɗai yana maimaita shi, kowane zagaye yana rage gudun zaren kaɗan.

Da farko Alhassan ya yamutsa fuska, ya kasa haƙuri ya ce, "Wannan ai kukan sauro ne, Malam."

"Na ce ban da magana, Alhaji."

Kukan ya ci gaba da kauri. Ni ma na zo ranar, ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonsu, na san in hannayen nan suka tashi a wurare daban, magana ta lalace, Ladi kuma za ta tafi Kagoro da tabon da aka shafa mata. Sai ga hannun Alhassan ya tashi. A daidai wannan lokaci Dalhatu bai ma tsaya ɗaga hannu ba, zumbur ya miƙe tsaye yana laluben takalminsa da ƙafa. Da ya buɗe ido ya ga inda yake, sai kunya ta kama shi, ya koma ya zauna yana cewa, "Wallahi ji na yi na makara."

Malam Uwaisu bai yi dariya ba. Ya ɗiga jan fenti a daidai inda maɓallin rage gudun ya tsaya, ya mayar da zaren zuwa farkonsa, sannan ya leƙa ya ce, "Maman Jummai, bismilla, ku shigo."

Jita ta fara, a natse, ba irin rawar kan da muka saba ji ba. Sai murya ta shigo, mai kauri, mai ɗan ƙarce a ƙasanta, muryar magidanci da ya wuni a gaban injin saƙa. Ana jin inda yake jan numfashi. Ladi ta dafa bango. Ba ta yi kuka ba a lokacin, ta dai tsaya har baitin farko ya ƙare, sannan ta kamo hannun 'yarta ta jawo ta gaban lasifikar.

"Jummai, ga babanki. Gaishe shi."

Jummai ta durƙusa a kan simintin shagon nan ta rufe fuska da mayafinta. Da ta ɗago, ba lasifikar ta kalla ba, uwar ta kalla ta ce, "Mama, ki yafe mana." Alhassan ya juya yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

A sabon juyin da Malam Uwaisu ya yi musu, ya cire ƙaiƙayin zare, ya bar jiniyar a inda take. Ladi ta tafi Kagoro da shi a wayarta, kuma babu wanda ya sake zancen likita.

Ƙarshen watan nan Malam Uwaisu zai rufe shagon. Ya ce kunnen da ya fara yi wa mai shi gardama bai kamata a ci gaba da ba shi amanar muryoyin mutane ba. Ba zan yi masa musu ba, don wannan gaskiyar tasa ita ce ta sa muke alfahari da shi tun farko.

Malam Uwaisu, kai ne mai wankin da ba ya rini. Kai ne ka san iyakar kunnenka, ka je ka nemo kunnuwan da suka fi naka sanin abin. Ba a taɓa buga sunanka a bayan kaset ko ɗaya ba, alhali dubbai sun bi ta hannunka. Ka mayar wa marainiya muryar ubanta, ka mayar wa tsohuwa mutuncinta a gaban 'ya'yanta, ka kuma tuna mana cewa a cikin kangwayen nan na Bompai da Sharaɗa mutane sun yi aiki, sun yi waƙa, sun yi zumunci. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka, ya bar maka sauran jin da ya rage ka more muryoyin jikokinka.

Ku kuma matasan da ke zaune gaban kwamfuta kuna sabunta waƙoƙin iyayenmu, kayan aikinku sun fi nasa nesa ba kusa ba, kuma muna son aikinku. Amma kafin ku share wani sauti, ku tambayi wanda yake wurin ranar da aka ɗauke shi. Ku je Sharaɗa ku zauna da Malam tun ƙofar tana buɗe. Direbobin titin Panshekara kuwa, 'yan kwanakin nan da suka rage, in kun hango dattijo a kan tsohon babur da auduga a kunne, ku taimaka ku ɗaga hannu daga kan hon.